Tafiyar Zonkwa da Ta Ƙare a Maraban Rido

Tun da aka gama bikin Rifkatu ba ku bar ni na huta ba. Wannan ta tambaye ni ya Zonkwa, waccan ta ce me ya sa babu ni a hoto ko ɗaya, wata ma cewa ta yi wai ko girman kai ne ya hana ni tsayawa da 'yan ajinmu. Na yi shiru sati uku, don duk lokacin da na fara ba da labarin sai na kasa ƙarasawa. To ga shi na rubuta sau ɗaya, kowa ta karanta. Ban je Zonkwa ba. Tafiyar da na yi wata biyu ina shiri a Maraban Rido ta ƙare, kuma sai da na kwana uku kafin na koma gidanmu a Makera, alhali Keke biyu kawai zan hau na isa.

Bari na fara da motar, don ita ce kan maganar. Kun san tsohuwar motar Babanmu, ruwan toka, wadda ya saya da kuɗin sallama lokacin da aka rufe masaƙa. Mu biyar ya haifa, duk mata, ni ce babba. Da idonsa ya fara ba shi matsala, shi da kansa ya koya min tuƙi a filin makaranta, ya kai ni aka yi min lasisi. Da motar nake kai shi asibiti, da ita nake kai Mama kasuwa, da ita nake kai wa mutane dubulan da cincin da nake soyawa. Wansa, Baffa Garba na Unguwar Mu'azu, bai taɓa son abin ba. Ranar da aka ba ni makulli ya kafa sharaɗi, Baba kuma ya amsa: duk ranar da aka ji sunana a ofishin hukuma saboda mota, ranar zan ajiye makullin, a ba ɗansa Yaya Sabi'u ya riƙa yi wa gidanmu tuƙi. Shekara uku da watanni ina tuƙi, ko kaza ban taɓa bugewa ba.

Da ƙyar aka bar ni tafiyar nan, shi ma don tare da babba zan yi. Ranar Juma'a da misalin ƙarfe tara na bar Makera, na bi ta Kakuri na shiga Sabo na ɗauki Mama Talatu, gwaggon Rifkatu, mai sayar da kifi a kasuwa. Mace ce mai jiki da murya, idan tana gaishe ka sai ka ɗauka faɗa take yi. Muka loda kula biyu na soyayyen kifi a baya, kusa da bokiti uku na dubulan da na yi wa amarya. Kafin na tayar da mota ta dafa sitiyari ta yi addu'ar hanya, doguwa, har da sunan tayoyi huɗu. Na ce amin, na yi tawa a ciki, muka kama hanyar Kaciya.

Ba mu yi nisa ba. Muna wuce mahaɗar matatar mai, daf da Maraban Rido, na hango masu kaki sun tsaya da motarsu a gefen titi. A gabana akwai wata bas da mutane biyu ke zaune a but ɗin baya ƙafafunsu na lilo, an ɗaure akuya a sama. Aka ɗaga mata hannu ta wuce. Bayanta wata akori-kura ce da babu gilashin gaba sam, direban ya ɗaura ƙyalle a fuska. Ita ma ta wuce. Ni da na ɗaura bel, hannuna biyu a kan sitiyari, nake tafiya a hankali, ni ce wani dogo a cikinsu ya nuna da yatsa ya ce na yi fakin.

A lokacin ban ji tsoro ba, don na san takarduna lafiya suke. Sai kun san yadda muke yi a layinmu kafin ku gane. Babu mai zuwa ofis kan takardar mota a wurinmu. Akwai Malam Ila, wanda yake da ɗan tebur a bakin masallaci. Duk shekara bayan ƙaramar Sallah kowane mai mota zai tattara takardunsa a ambulan ya ba shi, bayan sati ya dawo da su an sabunta komai. Baba ke karɓa, ya jefa a aljihun mota, ba mai sake buɗewa sai shekara ta zagayo. Lasisina ma a cikin ambulan ɗin yake zama, don Baba ya ce idan a jakata yake zan yar. Saboda haka na ɗauko ambulan gaba ɗaya na miƙa wa dogon nan, har da murmushina.

Ya zazzage takardun a kan murfin mota, ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauko katina. An naɗe shi da wata 'yar takarda da ban taɓa gani ba. Ya tambaye ni ko na san lasisina ya ƙare wata huɗu da suka wuce. Na ce ba zai yiwu ba, an sabunta komai bayan Sallah. Sai ya warware takardar, ya kira abokin aikinsa, ya karanta da ƙarfi yana jan kalmomin kamar mai karanta labarai a rediyo:

"Alhaji, na yi takardun mota duka. Wannan na Nafisa ya kusa ƙarewa, kuma ba ni ke yin sa ba. Sai ta je da kanta a ɗauki hotonta da yatsunta. Kada a bari wata mai zuwa ya wuce."

Ya dube ni ya ce, "Hajiya ƙarama, har wasiƙa aka rubuto miki, kuma ki ce ba ki sani ba?"

Suka yi dariya. Ni kuwa ba tara ce ta dame ni ba. A nan bakin titi na gane cewa Baba ba ya iya karatu kuma. Na san idon ya yi rauni, amma kullum da yamma yana zaune a ƙofar gida da jarida a buɗe a hannunsa. Ashe riƙe ta kawai yake yi. Malam Ila ya rubuta, Baba ya karɓa, ya ga baƙi-baƙi a takarda, ya mayar ambulan bai tambayi kowa ba.

Dogon ya sa katina a aljihu, ya zagaya bayan mota ya tsaya, ya ce na zo mu yi magana. Kowa ya san irin maganar da ake yi a bayan mota. Ni dai ban taɓa yi ba, ban san ta inda ake farawa ba, na tsaya ina murza bakin hijabi. Kafin na tattara kaina Mama Talatu ta fito. Ta ce masa bai ji kunya ba, ƙato da shi, ya tare yarinya da ta kai sa'ar 'yarsa yana mata dariya. Ta ce bas ɗin da ta wuce da mutane a but, ita ma lasisinta ya duba? Ta fara da Hausa, ta koma Turancin buroka, da abin ya ƙara zafi ta juya yarensu, tana nuna duk motar da ta wuce. Masu talla suka taru. Wallahi duk abin da ta faɗa gaskiya ne, ban ga laifinta ba har yau. Amma na ga lokacin da fuskar mutumin ta canja. Ya je motarsu ya ɗauko littafin tara.

"Tunda uwarki lauya ce," in ji shi, "sai mu bi doka."

Yanzu ku ji dokar. Ya rubuta cewa ba ni da izinin tuƙi, ya yage ya ba ni. Sannan ya buɗe ƙofar gaba, ya ce Mama Talatu ta koma baya, ya zauna kusa da ni, ya ce na ja mota zuwa ofishinsu. Ni da yanzun nan ya rubuta ban cancanci taɓa sitiyari ba, ni ce zan tuƙa shi, a cikin cunkoson Sabo, yana danna waya yana ce min hagu, dama. Ban da Baba, namiji bai taɓa zama a kujerar nan ina tuƙi ba. Sau biyu mota ta mutu min, duk biyun sai ya ce, kin gani ko.

Ofishin wani fili ne da aka zagaye da waya, da ƙofar ƙarfe mai tsatsa. A ciki motoci ne da Keke birjik, wasu tayoyinsu sun kwanta, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. Suka karɓi makulli. Aka tura ni wani ɗaki, na tarar da mace a teburi, har na ji sanyi a raina, na ce ga 'yar'uwa. Tana cin gyaɗa, ba ta ɗago kai ba. Tambayar farko da ta yi min ita ce ko mijina ya san ina yawo da mota. Na ce ba ni da aure. Ta ce shi ya sa. Sannan ta zayyano abin da zan yi da sauri kamar mai hadda: na je shagon kwamfuta a fitar min da lambar biya, na kai banki, na kawo rasit mai hatimi, Oga ya sa hannu, a saki mota. Na tambaya ko zan iya biya ta waya. Ta ce ita hatimi take son gani.

Daga nan muka shiga yawo ni da Mama Talatu a cikin rana. Shagon farko babu wuta. Na biyu akwai wuta babu netwok, mai shagon ya ce mu zauna yanzu zai dawo, muka zauna awa biyu a benci muna kallon wata da'ira tana juyawa a allon kwamfuta. Da lambar ta fito ƙarfe huɗu saura kaɗan, muka hau Keke a guje, muka tarar mai gadin banki ya jawo ƙofa. Mama Talatu ta roƙe shi da Allah, ta roƙe shi da uwarsa, ya ce yau Juma'a, mu dawo Litinin. Muka koma ofis ko za su ji tausayi. Matar ta ce ko da rasit muka zo ba amfani, don Oga ya tafi masallaci tun ƙarfe ɗaya kuma ba ya dawowa ranar Juma'a.

Kifi ba ya jiran Litinin. Mama Talatu ta sa aka fito da kayan, ta ba wani direban bas ɗan garinsu ya kai Zonkwa. Saboda haka dubulan da kuka ci a wurin biki kuna yabawa, nawa ne. Shi ya je, ni ban je ba.

Ta so mu bi motar haya tare da asuba, a bar mota sai Litinin. Da na yarda. Amma a bakin ƙofar akwai wani dattijo, direban tasi, da motarsa ta yi sati a ciki. Ya ce min, 'yata, idan kina son motarki ki riƙa zuwa kina nuna fuska, shi ya tafi ranar Asabar ya dawo ya tarar babu batir babu madubi ɗaya, da ya yi magana aka nuna masa allo da aka rubuta cewa kowa ya ajiye mota a kan kansa. Na dubi motar Baba a tsakanin waɗancan gawarwakin, na ce ba inda za ni.

Gida kuma ba zan iya komawa ba mota ba, kun ji sharaɗin Baffa. A lissafina, idan na kai Litinin na fito da ita, na koma kamar daga Zonkwa nake, ba wanda zai sani. Da la'asar Mama ta kira, na ce mata mun isa lafiya, hanya ba matsala. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Haka na kwana a Sabo. Ku da kuke can za ku yi dariya, amma 'yan Makera da Tudun Wada sun san abin da nake nufi. An haife ni a garin nan, na yi makaranta da ku shekara shida, amma ban taɓa bari magariba ta yi min a Sabo ba. Tun muna yara ake gaya mana. Da muka shiga layinsu rana na faɗuwa, ni kaɗai ce mai hijabi, na ji kamar duk idon unguwar a kaina yake. Na faɗa wa Mama Talatu, ta tsaya ta yi dariya har da dafa bango. Ta ce su ma haka suke gaya wa nasu, kada duhu ya same su a wajenmu.

Gidan haya ne mai ɗakuna da yawa da famfo ɗaya a tsakiya, da wani kare baƙi da ya sa na maƙale a bayanta tun daga ƙofa. Ta sa aka ɗaure shi har na tafi. Ta jawo wata jaka daga ƙarƙashin gado, ta fito da sallaya da buta, ta ce na baƙinta Musulmi ne, akwai 'yan'uwansu da suka musulunta. Gabas ce ta gagara. Ta ce nan, maƙwabcinta ya ce can, sai da aka kira wani mai gyaran takalmi ɗan Zariya daga bakin titi ya raba gardamar. Ba a jin kiran salla a layin, sai da agogon waya na riƙa yi.

Abinci kuma tare suke ci, maza da mata a tebur ɗaya, a riƙe hannu a yi addu'a kafin a fara. A gidanmu Baba a ɗakinsa yake ci, mu a tsakar gida. Paten acca aka yi, da yakuwa da yawa har yana tsinka haƙori. Ban tambayi komai ba, amma ta ɗauko tukunyar ta nuna min, ta ce wannan kifi da ganye kawai ta sani tun da aka saye ta. Na ji kunya ƙwarai. Na ci kaɗan.

Da asuba ta tafi biki, tana ta ba ni haƙuri kamar ita ta yi min laifi. Ta bar ni da surukarta, tsohuwa tukuf da kowa ke kira Kaka, Hausarta ba ta fi kalma ashirin ba, a ciki har da "ci" da "ƙara". Ta kawo min wani abu a ƙwarya, na ɗan shinshina a ɓoye ina tsoron ko burkutu ne. Ashe ta gan ni. Ta karɓa ta kurɓa, ta yi kamar ta bugu tana tangaɗi, sannan ta miƙo min tana dariya da bakinta mara haƙori. Kunun tsamiya ne.

Ranar Asabar, lokacin da kuke coci ana ɗaura auren Rifkatu, ni ina zaune a ƙarƙashin wata bishiya daura da filin nan, a bencin wata mai gasa masara, ina kallon rufin motar Baba ta cikin waya. Wani ma'aikacinsu ya shimfiɗa abincinsa a kan murfinta yana ci, ya gama ya goge hannu a jikinta. Na tashi zan yi magana, mai masara ta riƙe min hijabi ta ce na zauna, a nan wanda ya yi magana motarsa ke daɗewa. Kuka fara turo hotuna, kowa da ankon da muka zaɓa tare. Nawa yana cikin jaka a but. Ina kallo ina hawaye har wayar ta mutu, cajar kuma tana cikin mota, kuma ba a yarda na shiga.

Lahadi da safe gidan ya watse gaba ɗaya, kowa ya yi ado ya tafi coci. Abin da ya ba ni mamaki, mutum uku ne suka ba ni makullin ɗakinsu na riƙe musu, ni baƙuwa da ba su san ko sunan ubana ba. Na zauna da makullan a cinya ina jin waƙoƙi ta ko'ina, da Hausa, wasu da ganga. Sai da suka dawo na tafi gadin mota. Da yamma Mama Talatu ta dawo da shinkafar biki a leda da saƙon Rifkatu, da kuma labarin da ya hana ni cin shinkafar: an kira ta daga gidanmu.

Ga abin da ya faru. Ɗaya daga cikinku, ba zan faɗi suna ba, ta san kanta, ta kira Mama ranar Lahadi tana tambayar ko ba ni da lafiya ne, don ba a gan ni a biki ba. Na san da alheri ta yi. Amma ku tuna wace hanya ce hanyar Kaciya da masu garkuwa da mutanenta, ku tuna abin da uwa za ta fara tunani. Mama ta kira wayata a kashe. Ta fita ba takalmi har Unguwar Mu'azu wurin Baffa. Sai da suka yi awanni suna neman lambar wani a dangin amarya kafin suka samu Mama Talatu, ta ce musu ina gidanta lafiya, ta gaya musu komai. Da ta ba ni wayarta na kira, Mama ba ta yi faɗa ba, numfashinta kawai nake ji. Ta ce na gama abin da nake yi na dawo.

Litinin tun bakwai ina layin banki. Na biya da abin da nake tarawa na sayen babban kaskon suya. Na kawo rasit da hatiminsa. Oga ya iso sha ɗaya, ya sa hannu bai ko dube ni ba. Sai matar nan ta ce saura kuɗin kwanan mota, kwana uku. Na ce ai ba ni na ce ta kwana ba, Oganku ne ya tafi bai dawo ba. Ta ce idan ina son gardama ta ƙara na huɗu. Na biya.

Na miƙa hannu a ba ni makulli, sai mai ƙofa ya ce a'a. Wai lasisina ya ƙare, doka ba ta yarda na fitar da mota ba, sai na kawo direba mai lasisi. Na ce masa ranar Juma'a wa ya shigo da ita? Ba ni ba ce, da mutuminku a gefena? Ya ce shi wannan bai sani ba. A nan ne na fashe da kuka a gaban kowa, irin kukan da ba na so, na haushi. Dattijon nan mai tasi ya zo ya nuna katinsa, ya shiga ya ja motar, ya fita ƙofa, ya tsaya taku goma daga inda suke, ya fito ya ba ni makulli suna kallo. Ba wanda ya hana ni. Haka na tuƙo ta har Makera da lasisin nan dai da ya ƙare, ina rarrafe a gefen titi, duk mai kakin da na hango sai na ƙara rage gudu.

Takalman Baffa na fara gani a ƙofar ɗakin Baba. Na shiga na durƙusa na gaishe su. Baffa bai ɗaga murya ba. Ya ƙirga min da yatsa: na kai sunan gida ofishin hukuma, na yi wa uwata ƙarya, na kwana uku a inda ba a aike ni ba. Ya ce wace irin mai tuƙi ce ba ta san ranar da takardarta ke ƙarewa ba. Takardar Malam Ila tana cikin jakata. Na dubi Baba, kansa a sunkuye, na ce a raina ba zan fito da ita ba, gara makullin ya tafi.

Baba ne ya yi magana.

"Yaya, laifin nawa ne. Ila ya rubuto, ni na karɓa. Ba na ganin rubutu yanzu. Ya kai shekara."

Ban taɓa jin ya faɗa ba, Mama ma ba ta taɓa ji ba. Na ga yadda ta dube shi. Na ɗauka shi ke nan, tunda gaskiya ta fito, kuma mutumin nan ya tona abin da ya shekara yana ɓoyewa saboda ni. Baffa ya yi masa sannu, ya ce Allah ya kawo sauƙi. Sannan ya ce ai wannan ma ya ƙara nuna gidan na bukatar namiji da zai riƙa duba irin waɗannan abubuwa, kuma magana an riga an yi ta tun farko. Baba ƙane ne, bai taɓa musu da wansa ba a gabanmu. Na ciro makullin na ajiye a kan tabarma.

Abin da ke ci min rai ke nan har yanzu. Ban ce ba ni da laifi ba. Katin nawa ne, ya kamata na buɗe ambulan ko sau ɗaya, kuma ƙaryar da na yi wa Mama ba ta da kyau. Na biya tara, na biya kwanan mota, na rasa bikin ƙawata. Amma bas mai akuya tana nan tana bin hanyarta.

Cikin satin na je da kaina a Keke, na yi kwana biyu a layi, aka ɗauki hotona da yatsuna, aka ba ni takardar wucin gadi kafin kati ya fito. Ba wanda ya ce na yi, kuma ba abin da ta canja. Dubulan yanzu a Keke nake kaiwa, rabi ya farfashe kafin na isa.

Shekaranjiya aka kai Baba asibitin ido. Yaya Sabi'u ke tuƙi, Baba a gaba, ni a baya da katin asibiti. A hanya muka tarar da masu kaki sun tare titi. Na fara laluben jaka. Yaya Sabi'u ko birki bai taka sosai ba, ya ɗaga hannu ta taga ya ce, Oga sannu da aiki. Suka ɗaga masa, muka wuce.

Da muka yi gaba kaɗan na ce, Yaya, kai naka lasisin yaushe zai ƙare, kada a manta. Ya dube ni ta madubi ya yi dariya.

"Wane lasisi? Shekara goma ina tuƙi a garin nan, wa ya taɓa tambayata?"

Can sai na ga Baba ya miƙo hannu baya ta gefen kujera, a buɗe, bai juyo ba. Ban san me yake nema ba. Na ciro sabuwar takardata na sa masa. Ya ɗora ta a cinya, ya shafe ta da tafin hannu ta miƙe, ya riƙe ta haka har muka isa asibiti.